Rodin da Aka Kafa a Lambun Kawu Mamman

Rana ta riga ta yi ja lokacin da Muzzammil ya sauka daga kwalta ya kama 'yar hanyar da ke gangarawa fadamar Dangoma. Tun bayan azahar ya baro Gwandu, taya ta yi masa faci a hanya, shi ne sai yanzu. A jakar da ya goya akwai laftof ɗin matarsa, da ƙaramin batir, da wani ɗan akwati da bai fi kwalin ashana ba, mai siraran wayoyi kala-kala. Lojik analaiza ake ce masa. Aikinsa saurare ne kawai: a maƙala wayoyinsa a ƙafafun ƙananan na'urorin da ke kan allon lantarki, a jona shi da kwamfuta da kebul, sai ya zana maganar da suke yi da juna layi-layi a kan gilashin kwamfutar. Mai gyara ya duba layukan ya gane wadda ta yi shiru.

Famfon sola na kawunsa ne ya tsaya. Kawu Mamman, wan mahaifiyarsa, yana noman albasa a fadamar nan tun Muzzammil bai san damansa da hagunsa ba. Albasar bana ta fara yin kai ke nan, ana tsakiyar zafi, sai akwatin da ke sarrafa famfon ya daina amsawa. Akwai masu gyara a Kalgo, amma Kawu ya rantse ba mai taɓa masa kaya sai Injiniya. Haka yake kiransa a masallaci da kasuwa da gaban kowa, “Injiniyanmu ɗan Kulu,” kai ka ce yaron nan jirgin sama ya ƙera.

Muzzammil ba mugun mutum ba ne, wannan kowa ya shaida. Ciwonsa ɗaya ne: gara a cire masa haƙori da ya buɗe baki ya ce ya yi kuskure.

Ya tarar da tsohon tsaye a bakin lambu, ya naɗe ƙafar wando, fartanya a kafaɗa.

“Injiniya! Lale, lale. Zo ka ga ɗiyana, duk sun kwanta.”

Albasar yake nufi. Ganyen ya yi laushi ya zube a kan kunya, ƙasa ta tsattsage, iska sai warin busasshen laka da na albasar da ta fara dahuwa a tsaye. Muzzammil ya durƙusa ya gaishe shi, ya isar da gaisuwar mutanen Gwandu, sannan ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin faifan sola. Ya kwance murfin akwatin, ya ba allon lantarkin da ke ciki wuta daga batir ɗinsa tunda rana ta tafi, ya buɗe laftof. Ya soka kebul ɗin analaiza.

'Yar fitilar jikinsa ta kawo ja, ta mutu. Ta sake kawowa, ta sake mutuwa.

Manhajar analaiza da ke cikin laftof ɗin ta ce ba ta ga komai ba.

Ya zare kebul ya hura bakin, ya mayar. Ya sauya rami, ya koma na hagu. Ya ciro wani kebul daga jaka, sabo fil, ya gwada. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Daga nan ya buɗe baƙar tagar nan da kwamfuta ke rubuta duk abin da ke faruwa a cikinta, ya ga layuka suna bin juna: an jona wani abu, abin ya fita, an jona wani abu, abin ya fita. Kamar baƙon da yake sallama a ƙofa ana rufe masa, yana sake yi ana sake rufewa.

A nan ne ya gane abin da ya faru.

Laftof ɗin na Halima Sadiya ne, matarsa, wadda ke koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a Gwandu. Ita ta sha wahala ta sasanta na'urar nan da kwamfutar har suka soma jin maganar juna. Da za ta ba shi aro sai da ta riƙe jakar ta ce, “Abban Mubaraka, don Allah in wani abu ya fito ya ce ka sabunta, ka ce masa a'a. In kanel ya canza, ba lallai ya gane na'urarka ba.” Kanel shi ne can cikin babbar manhajar kwamfuta, mai karɓar duk abin da aka jona wa kwamfuta ya ba shi wurin zama. Da safiyar ranar a shagonsa na gyara, saƙon ya fito. Muzzammil ya dube shi, ya tuna gargaɗin, girman kai ya taso masa: shi da yake gyara injinan gari guda, maɓalli ɗaya ne za a hana shi dannawa? Ya danna. Bai ko gwada na'urar ba ya zuge jaka.

Waya tana aljihunsa. Da ya kira Sadiya, da ta gaya masa yadda zai koma kan tsohon kanel kafin a gama shan ruwa kofi guda. Amma sai ya fara da cewa ya yi abin da ta hana, kuma Kawu yana tsugune a gefensa yana kallon hannuwansa kamar mai kallon abin al'ajabi.

“Mi ya hwaru, Injiniya? Ta ƙi?”

“Ba komai, Kawu. Wuta ce ke yawo a jikin akwatin, ita ke korar na'urar. Sai an kafa ƙarfe a ƙasa an ɗaura waya, wutar ta sami inda za ta sauka.”

Ƙarya ce tsagwaronta, ta kuma fito sumul har shi kansa ya yi mamaki. Lissafinsa mai sauƙi ne. Ina za a sami dogon ƙarfe a tsakiyar fadama da magariba? Sai a ce a bari sai gobe, ya koma gida ya lallaɓa Sadiya, ya dawo da mutuncinsa cikakke.

Kawu ya miƙe ya shiga bukkarsa. Ya fito da guntun rodi mai tsatsa da guduma.

“Wanga ya yi? Ragowar ginin sabuwar rijiya na.”

Maimakon Muzzammil ya ja da baya, sai ya ƙara wata a kan ta farko.

“Ya yi, Kawu, amma busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta. Sai wuri mai danshi. Ga shi kuwa lambun duk ya bushe.”

A hankali tsohon ya juya kansa ya dubi kusurwar gabas.

A can wata giginya take tsaye ita kaɗai, doguwa, a gindinta akwai tsohuwar rijiya da ta rufta tun kafin a haifi Muzzammil. Lambun duk ya ƙone, amma ƙasar gindin giginyar baƙa ce sidik, tana ƙyallin ruwa. Muzzammil ya san wurin tun yana yaro. Ba a shuka komai a can. In ciyawa ta fito, da hannu Kawu yake cire ta. In ya zama dole a tona, da tsinken itace ake tonawa. Ko wuƙar aljihunsa sai ya ajiye a kan kunya kafin ya taka wurin.

“Babanmu ya hwaɗa muna,” in ji Kawu, muryarsa ta yi ƙasa, “tun da anka sari wagga hwadama, akwai maƙwabta nan. Ba su taɓa cuta ma kowa ba. Abu guda sunka roƙa, kar ƙarhe ya shiga ƙasarsu.”

“To Kawu, a bari sai gobe mana.”

“Gobe? Dubi albasar ga. In rana ta hito gobe ba ruwa, sai dai mu yi mata salla.” Ya juya rodin a hannunsa. “Hwaɗa min gaskiya, ɗan Kulu. In an kahwa shi, na'urar taka za ta yi?”

Ga ƙofa an buɗe masa har bango. Kalma uku ta ishe shi: ƙarya na yi. Muzzammil ya dubi idon tsohon, ya ga yardar da ke ciki, sai ya kasa.

“In sha Allahu,” ya ce.

Kunya ta rufe shi tun kafin ya rufe baki. Ya miƙa hannu. “Kawo ni in kafa.”

“A'a. Kai baƙo na, ba su san ka ba, kuma ka baro jinjira gida. Ni sun san hannuna. In da hushi, sai su yi min uzuri.”

Kawu ya cire takalmi. Ya taka baƙar ƙasar a hankali, ya yi sallama kamar mai shiga gidan surukai. Ya jira. Ya ce lalura ce ta kawo shi, a yi masa haƙuri, da safe zai cire. Ya sake jira. Daga can cikin Dangoma aka fara kiran sallar magariba, muryar ladan tana zuwa tana ɓacewa. Kwaɗi sun cika fadama da kuka.

Ya yi bismilla, ya ɗaga guduma.

Bugun farko ya yi ƙara irin ta ƙarfe.

Na biyu bai yi ba. Wani sauti ya fito mai laushi, irin na wuƙar mahauci in ta shiga tsoka.

Kwaɗin suka yi tsit, dukkansu, lokaci ɗaya.

Kiran sallar ma ya yanke a tsakiya.

Sai laftof ya yi 'yar ƙarar nan tasa ta maraba. Muzzammil ya waiga. Fitilar analaiza ta kawo, ta tsaya cak. Manhajar ta buɗe da kanta.

Bai ɗaura wa rodin waya ba tukuna. Wayoyin na'urar ma suna zube a kan buhu, ba a maƙala su a komai ba.

Amma layuka biyu suna motsi a kan gilashin.

Na sama yana harbawa da sauri, ƙanana-ƙanana, kamar ƙirjin jariri mai zazzaɓi. Na ƙasa yana tafiya da nauyi, a hankali, bugu sannan hutu, bugu sannan hutu.

Wari ya taso daga gindin giginya. Ƙaurin gashi, da na tabarmar da ta kwana a ruwa.

“Injiniya.” Raɗa ce. “Hannuna ya ƙi saki.”

Guduma ta faɗi gefe. Hannun daman Kawu, da ya kai zai zaro rodin, yana dunƙule a kansa, jijiyoyin sun miƙe. Yana ja da dukkan jikinsa, hannun bai ko motsa ba.

Rodin kuwa yana nutsewa. Ba mai bugun sa. Yana shiga a hankali, yana jan hannun.

Muzzammil ya fizge kebul daga jikin laftof.

Layukan suka ci gaba.

Ya danne maɓallin kashewa har yatsansa ya yi fari. Kwamfutar ba ta mutu ba.

Ya ruga ya rungumo Kawu ta baya yana ja. Jikin tsohon ya yi sanyi kamar randa. Yatsun sun shige laka. Wuyan hannu ya bi.

Ganyen giginya ya fara kaɗawa a sama, kwaram, kwaram. Babu iska ko ta busa fitila.

Ya ɗauko Ayatul Kursiyyu, harshensa ya yi nauyi, ya kasa wuce farkonta.

Kawu ya durƙushe. Kansa ya langaɓe a kafaɗar Muzzammil, idanun suka juye. A kan gilashin, layin ƙasa ya fara jinkiri. Bugu. Dogon hutu. Bugu.

Sai aka yi magana.

Ba daga rijiyar ba. Daga bayansa, dab da kunne, har yana jin sanyin numfashin. Muryar mace ce, ba tsohuwa ba, ba yarinya ba, kuma ba ihu a cikinta. Murya ce ta wadda ta gama kuka.

“Ɗiyata na barci nan.”

Muzzammil bai waiga ba. Wuyansa ya ƙi.

“Mun san wanga hannu. Da shi aka cire muna haki. Bai taɓa kawo muna ƙarhe ba.” Numfashin ya ƙara matsowa. “Wa ya sa shi?”



Laka ta haɗiye hannun har rabin damtse. Fuskar Kawu ta kusa taɓa ƙasa.

Ko a nan, Allah ya sani, sai da Muzzammil ya nemi wata hanya. Ya so ya ce lalura ce. Ya so ya ce na'ura ce.

Layin ƙasa ya miƙe. Bai sake harbawa ba.

“Ni ne!” Muryar Muzzammil ta fashe. “Ni na sa shi. Ƙarya na yi masa. Ba a buƙatar ƙarfen, ni na ɓata kwamfutar da hannuna, na ji kunyar faɗa. Bai san komai ba. Don girman Allah ku sake shi.”

Ganyen giginya ya tsaya.

Bugu ɗaya ya dawo a kan layin. Sannan wani.

“Mu mun ji,” in ji muryar. “Shi bai ji ba.”

Muzzammil ya dubi tsohon. A sume yake.

“Ɗauke ƙarhenka. Ɗauki tsohonka. Hannu shina wurinmu har ya ji da bakinka.”

Yatsun Kawu suka saki. Muzzammil ya kama rodin ya ja, ya fito ba gardama, da ɗumi, ƙarshensa yana ɗigar da wani abu baƙi mai kauri. Ya yi jifa da shi iya ƙarfinsa. Ya ciccibi Kawu ya ja da baya, yana tuntuɓe da kunyoyin albasa.

A daidai buhun, gilashin laftof ya mutu ya yi baƙi. A cikin baƙin ya ga inuwar kansa, ya ga giginya a bayansa. A gindinta wata doguwar aba tana tsaye, ta sunkuya, ta saɓa wani ƙaramin abu a kafaɗa. Wani ɗan siririn hannu yana lilo.

Bai sake dubawa ba.

Yadda ya ɗora tsohon a babur ya ɗaure shi a bayansa da rawani, yadda suka hau kwalta, shi kansa ba zai iya faɗa ba. Sai da suka shiga cikin gari ya sake jin kukan kwaɗi.

Kawu Mamman ya farfaɗo bayan isha'i. Ya sha ruwa, ya yi magana, ya gane kowa. Hannun dama ne kawai ya ƙi tashi. Daga yatsu zuwa wuyan hannu sanyi ƙalau, ko an tsikare shi da allura ba ya ji. Aka kai shi asibiti a Birnin Kebbi, suka duba suka ce ba su ga komai ba. Aka yi rubutu, aka yi tofi, aka yi hayaƙi. Hannu yana nan a kan cinya kamar na aro.

Washegarin daren, da hantsi, Muzzammil ya koma lambu ya kwaso kayansa, bai dubi gabas ba. A gida ya zauna ya gaya wa Sadiya komai, tun daga maɓallin da ya danna. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta jawo laftof ɗin, ta kunna, ta riƙe wani maɓalli, ta zaɓi tsohon kanel, ta soka kebul. Na'urar ta kama nan take. Ko Mubaraka da ke kan cinyarta ba ta gama hamma ba.

Da na'urar ya gano ciwon famfon washegari: dalma ce ta tsage a ƙafar wata 'yar na'ura. Ya ɗiga sabuwa, ruwa ya taso, fiye da rabin albasar ta tashi. Abin da ya ƙi tafiya shi ne layin ƙasan nan a kan gilashin. Ko ba a maƙala wayarsa a komai ba, yana nan yana harbawa da nauyi, bugu sannan hutu.

Kawu kuwa ya sami sabon labari. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ji shi.

“Ni na karya alkawarin babanmu, kwaɗayin albasa ya ja ni. Yaron ga har cewa ya yi a bari sai gobe, na ƙiya. Ba don shi ba da yanzu ina ƙarƙashin giginya. Shi ya hizgo ni. Injiniya, Allah ya yi maka albarka.”

Jama'a su ce amin, su juyo su dubi Muzzammil da sha'awa. Shi kuwa kowace albarka sai ta sauka masa kamar garwashi a tafin hannu. Ya zo da niyyar faɗa, ya tarar da baƙi, ya koma. Ya sake zuwa, ya tarar Kawu yana cikin raha, ya ce ba yau ba. Wani zuwan ma har ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana tambayar farashin albasa.

Sanyin ya wuce wuyan hannu. Ya kama damtse. A kan gilashi, hutun da ke tsakanin bugu da bugu yana ƙara tsawo.

“Na gaya miki ai,” ya ce wa Sadiya wata safiya, kamar mai neman a rage masa. “Na gaya wa mutanen giginya su ma. Ba wanda na ɓoye wa.”

Tana ɗaura wa Mubaraka zani, ba ta ɗago ba.

“Abban Mubaraka, ni ba hannuna aka riƙe ba.”

Ranar ya hau babur bai ko karya ba.

Ya tarar da Kawu shi kaɗai a zaure, da kwanon tuwo a gabansa. Dattijon da bai taɓa kai hagu baki ba tun da aka yaye shi, ga shi yana kokawa da cokali a hannun hagu, miya tana zuba masa a riga. Da ya ga Muzzammil sai ya yi saurin ture kwanon, ya yi dariyar kunya.

“Injiniya! Ka ishe ni ina koyon cin tuwo.”

Muzzammil ya durƙusa. Ya ɗauki hannun daman da ke kan cinya ya riƙe da hannu biyu. Sanyin ya ratsa shi har haƙori. Bai ɗaga kai ba, ya fara. Ya faɗi gargaɗin Sadiya da maɓallin da ya danna. Ya faɗi wayar da ke aljihunsa. Ya ce ba wata wuta da ke yawo a akwatin, shi ya ƙirƙira. Ya ce maganar danshi ma shi ya ƙara, don kar a gane ta farko. Ya ce lokacin da aka tambaye shi gaskiya, ya san amsar, ya ce in sha Allahu.

Ya gama.

Sai ya ji ɗumi. Ya faro daga damtse ya gangaro, kamar an zuba ruwan zafi a tiyo. Jijiya ta harba a ƙarƙashin babban yatsansa. Yatsun tsohon suka motsa ɗaya bayan ɗaya.

“Kawu! Hannun! Kawu, ya tashi!”

Kawu Mamman ya dubi hannun nasa. Bai yi murmushi ba. Abu na farko da hannun ya yi da ya dawo duniya shi ne ya zare kansa daga cikin hannuwan Muzzammil, a hankali, ba fizga.

Tsohon ya jawo kwanon tuwo. Ya ajiye cokali gefe, ya yi bismilla, ya gutsura da dama. Sai da ya haɗiye sannan ya yi magana, idonsa a kan kwano.

“Ni babba na, na ji, kuma na yahe. Yarinyar da anka soka tana barci, ita ban san wa za ya ba ta haƙuri ba.” Ya sake gutsura. “Rana na yi, hanya da nisa. Ka gaida Kulu, Muzzammilu.”

Tun daga ranar layin ƙasan ya kwanta a kan gilashi, bai sake motsi ba. An kewaye gindin giginya da ƙaya, kuma Kawu ya koma cire ciyawar wurin da hannunsa na dama. Ana gaisawa, ana zumunci, ranar salla har da rago. Da damina ta wuce famfon ya sake tsayawa, sai a bakin mahaifiyarsa Muzzammil ya ji cewa wani mai gyara daga Kalgo ya je ya duba.